In Kin Je Sayen Mota, Ki Fara Duban Mai Sayarwa

Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da reno da ɗinki, mu leƙa wani wuri da yawancinmu ke jin nauyin shiga, watau filin sayar da motoci.

Wataƙila wata ta ce, ina ruwan mace da cinikin mota? To, 'yar'uwa, ki tsaya bakin titi da safe lokacin kai yara makaranta, ki ƙirga matan da ke riƙe da sitiyari. Akwai malamar makaranta, akwai ma'aikaciyar asibiti, akwai mai saro atamfa da leshi. Wata shekara uku ta yi tana zubin adashi, wata filin gadonta ta sayar, wata kuwa bashi ta ci a wurin aiki, ana cira daga albashinta wata-wata. Ko wadda maigida ne zai saya mata, ai ita ce za ta zauna da motar, ita za ta sha rana a bakin hanya ranar da ta mutu mata da yara a ciki. In ban da gida, da wuya iyali su sayi abin da ya kai mota tsada. In kin yi kuskure wajen sayen zane, wata ɗaya kin manta. In kin yi kuskure wajen sayen mota, sai ki yi shekaru kina biyan bakanike.

Galibinmu ba mu san inji ba, kuma ba abin kunya ba ne, don maza da yawa ma ba su san shi ba. Amma akwai abin da kowace mace ta ƙware a kai tun tana yarinya ana aiken ta kasuwa, shi ne karantar mai sayarwa. Wannan sani kuwa yana aiki a filin motoci kamar yadda yake aiki a rumfar mai tumatir. Yadda mutum ya tarbe ki, da yadda ya saurare ki, da yadda ya amsa tambayarki ta farko, su ne za su gaya miki irin cinikin da za ki yi da shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Da da yanzu

Iyayenmu da suka sayi mota a shekarun 1970 ba su sha irin wahalar da ake sha yanzu ba. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri cikin Kaduna, Volkswagen kuma a Ikko, a shekarar ce kuma kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata. Mutum zai je kantin babban kamfani irin su SCOA ko UTC ko Mandilas, ya tarar da mota sabuwa fil, kuɗinta sananne, ga takardar garanti, ga wurin gyara na kamfanin. Ma'aikacin gwamnati kuma yana iya samun bashin mota.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Sai kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka hau a Turai da Amurka, waɗanda a kudu ake kira tokunbo, mu kuma mukan ce 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, saboda ta tashoshin jiragen ruwan can suka riƙa biyowa. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai dai ta tashar jirgin ruwa, amma sunan bai bar bakin mutane ba.

Abin lura a nan shi ne, sabuwar mota duk ɗaya take da 'yar'uwarta, amma tsohuwa kowace da tarihinta. Biyu za su tsaya gefe da gefe, iri ɗaya, launi ɗaya, shekara ɗaya, alhali ɗaya lafiyayya ce ɗaya kuwa ta taɓa nutsewa a ruwa. Mai sayarwa ya san wannan, ke ba ki sani ba. Saboda haka a yau halin mai sayarwa ya zama rabin abin da kike saye.

Tarba

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Abin da mai saye ke so da farko ba shi da tsada ko kaɗan. Mutum ɗaya ya taso, ya amsa sallama, ya ce, "Barka da zuwa Hajiya, sunana wane, ni ke kula da nan. Ki duba a tsanake, in kina da tambaya ga ni nan kusa." Sa'an nan ya ja baya kaɗan, ya bar ki ki zaga. Shi ke nan. Kin san wanda za ki nema, kuma ba wanda ya tsaya miki a wuya.

Akwai tarba iri biyu da ke korar mai saye. Ta farko ita ce ta rububi. Tun ba ki gama sauka daga Keke Napep ba mutum biyar sun kewaye ki, wannan na cewa ga tasa, wancan na jan ki zuwa wata. Yawancinsu ba su da mota ko ɗaya a wurin, 'yan kayi-nayi ne, kowa na neman ya ce shi ya kawo ki don ya sami rabonsa. In kin ga haka, kada ki ruɗe. Ki tsaya cak ki ce, "Don Allah wane ne mai wurin?" Da shi ko da yaronsa na sosai za ki yi magana.

Ta biyu ita ce ta raini. Kin shiga, sun dubi takalminki da mayafinki, sun yanke hukunci cewa ba mai saye ba ce, kowa ya ci gaba da shan shayinsa. Wannan ma wauta ce ta mai sayarwa, gama mace nawa ce ke yawo da hijabi mai sauƙin kuɗi alhali tana juya jarin da ya fi na filin gaba ɗaya? Kada ranki ya ɓaci, kada kuma ki tsaya nuna musu ke wace ce. Filayen mota suna da yawa, ki ƙara gaba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mata musamman. Kin zo da ƙaninki ko ɗanki ko direba don rakiya, kuɗin naki ne, motar taki ce, amma mai sayarwa sai ya juya wajen namijin. Ke kika yi tambaya, shi ake ba amsa. In an waiwayo gare ki, sai a ce, "Hajiya, dubi launin nan, ga madubi, ga kujeru masu laushi." Mai sayarwa mai hankali yakan tambaya tun farko, "Wa zai riƙa tuƙa ta?" In an ce ke ce, to da ke zai yi magana, da ladabi, ba tare da zaƙewa ko wasan banza ba. In maigida ne ya raka ki, ya ba shi girmansa, ya kuma ba ki naki. Ke ma ki taimaki kanki, tun a gida ku shirya da mai rakiyarki cewa in an tambaye shi ya ce, "Tambayi Hajiya, ita ce mai saye."

Kada ki zaci wannan hali a ƙasarmu kaɗai yake. A Amurka wani malamin jami'a mai suna Ian Ayres ya gwada abin a birnin Chicago, ya buga sakamakon a 1991, ya sake faɗaɗa binciken tare da Peter Siegelman a 1995. Sun horar da mutane maza da mata, farare da baƙaƙe, suka sa su irin shiga ɗaya, suka koya musu magana iri ɗaya, suka tura su kantunan sabbin motoci su yi ciniki. A karo na biyu an yi ciniki fiye da 300. Abin da ya fito shi ne namiji farar fata ya fi kowa samun sauƙin kuɗi, baƙaƙen fata maza da mata kuwa aka fi tsauwala musu, a kan mota iri ɗaya. Watau mai sayarwa yakan dubi mutum ya ƙiyasta iyakar saninsa, sa'an nan ya yanka masa kuɗi daidai da haka. A Saudiyya kuma, da aka ba mata izinin tuƙi a watan Yuni na 2018, tun a watan Janairu na shekarar aka buɗe wani kantin motoci a Jidda wanda mata ne ke sayarwa, mata ke saye. 'Yan kasuwar can sun gane da wuri cewa mace ta fi sakin jiki ta yi tambaya inda ba za a yi mata dariya ba.

Tambaya kafin talla

Likita ba ya rubuta magani sai ya ji ciwo. Haka mai sayar da mota na ƙwarai ba ya fara yabon kayansa sai ya ji bukatarki. Zai tambaye ki: mutum nawa za ta riƙa ɗauka? Cikin gari za ki riƙa yawo ko kina zuwa ƙauye? Hanyar unguwarku kwalta ce ko tana cin ruwa da damina? Kin iya mai giyar hannu ko sai mai canza giya da kanta? Wane bakanike ne kusa da ke, kuma wace irin mota ya saba da ita?

Waɗannan tambayoyi suna da amfani ƙwarai. Motar da cikinta ya yi ƙasa sosai za ta wahala a unguwa mai ramuka. Motar da ba a san ta ba a garinku, ranar da wani ƙaramin abu ya lalace sai an aika Ikko ko ƙasar waje, ta yi wata guda a ajiye. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuma, shan mai ya zama tambaya ta gaba-gaba. Inji mai silinda shida ya fi mai huɗu ƙarfi, ya kuma fi shi shan mai, in kuwa kai yara makaranta ne da zuwa aiki, mai huɗu ya wadatar. Mutumin kirki zai gaya miki haka ko da babbar ce ta fi kawo masa riba.

Wanda kika ce masa kina son ƙaramar mota mai sauƙin mai, ya ja ki wajen wata ƙatuwa yana cewa, "Ai irin wannan ce ta dace da matsayinki, Hajiya," ba matsayinki ne ya dame shi ba, motar ce ta daɗe a hannunsa. Haka kuma ki yi hattara da wanda tambayarsa ta farko ita ce, "Nawa kika zo da shi?" In kin faɗa, to kowace mota a filin kuɗinta ya zama daidai da abin da ke jakarki. Ki ce masa, "Malam, nuna mini irin wadda na ce, ka faɗi kuɗinta, sai mu gani."

Kuɗi a fili

Ba abin da ke sanya mai saye zargi kamar ɓoye farashi. Kin tambayi kuɗin mota, sai a ce, "Ai ba za mu ɓata ba, Hajiya, ke dai in tana yi miki." Ko a shiga gefe ana raɗa, ko a buga waya a yi magana ƙasa-ƙasa kafin a ba ki amsa. Mai saye yana son a faɗa masa kuɗi kai tsaye, kuma kuɗin da aka faɗa masa ya zama shi ne za a faɗa wa wanda zai zo bayansa.

Wannan damuwa ta sa wasu ƙasashe suka ɗauki mataki. Tun 1958 doka ta wajabta a Amurka cewa kowace sabuwar mota a manna mata takarda a gilashi mai nuna kuɗin da kamfanin da ya ƙera ta ya sa mata. A 1990 kamfanin General Motors ya fito da motoci masu suna Saturn, waɗanda ake sayarwa kuɗi ɗaya babu ciniki, mutane da yawa kuwa suka so tsarin saboda sun huta da ja-in-ja, ko da yake an daina yin motar a 2009. Wani kamfanin tsofaffin motoci mai suna CarMax, wanda ya fara a 1993, shi ma a kan kuɗi ɗaya ya gina kasuwarsa.

Mu a nan ciniki al'adarmu ce, kuma ba laifi ba ne. A faɗi kuɗi, ki taya, a ce albarka, ki ƙara, har a sallama. Amma ciniki yana da ƙa'ida. Kafin ki je, ki tambayi kuɗin irin motar a wurare uku ko huɗu, ki duba a intanet ko ki sa 'yarki ta duba miki, don ki san inda za ki fara tayi. Sa'an nan ki tambaya tun da wuri, "Motar taka ce ko dillanci kake yi? In dillanci ne, nawa ce la'adarka, kuma wa zai biya?" La'ada haƙƙin dillali ce, ba mai hana shi. Abin da ba a so shi ne ya ɗora nasa a ɓoye a kan kuɗin mai mota, ya karɓi la'ada wurin mai mota, ya kuma dawo ya karɓa wurinki. Haka nan ki nemi a gaya miki dukan abin da zai biyo baya, kamar kuɗin lamba da inshora da canjin sunan mai mota, don kada ki biya ki gama a ce saura kaza.

Faɗin aibi

A nan ne ake bambanta ɗan kasuwa da mayaudari. Tsohuwar mota ba ta rasa aibi, kuma mai saye ya san haka. Abin da yake so shi ne a gaya masa. In mai sayarwa ya ce, "Hajiya, gaskiya an taɓa buge ƙofar nan an gyara, na'urar sanyaya ciki kuma tana bukatar aiki, shi ya sa na rage kuɗin," to wannan ya sayi amincewarki da abu kaɗan. Wanda kuwa ya ce, "Ba abin da za ki taɓa, wata tsohuwar Baturiya ce ke zuwa kasuwa da ita," yana ta rantse-rantse tun ba ki musa ba, ki ƙara buɗe ido.

Ga tambayoyin da za ki yi, ki kuma lura da fuskarsa sa'ad da yake amsawa.

Ta taɓa yin haɗari ko shiga ruwa? Motoci da yawa da ake kawowa daga Amurka an saye su ne a gwanjon waɗanda suka yi haɗari, wasu kuma ambaliya ce ta cinye su, kamar yadda ya faru ga dubban motoci a guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017. Motar da ta sha ruwa tana iya yin kyau a ido, amma wayoyin wutarta za su riƙa ba da wahala har abada. Ki shinshina cikinta, ki ɗaga shimfiɗar ƙasa, ki leƙa ƙarƙashin kujera da wurin ajiye safayar taya ko akwai tsatsa ko busasshen laka. Hancin mace a nan ya fi na bakanike.

Ina lambar shasi? Kowace mota ta zamani tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganin ta ta ƙasan gilashin gaba wajen direba, da kuma jikin ƙofa. Dole ta zama daidai da wadda ke cikin takardu, harafi da harafi. Da wannan lamba ana iya binciko tarihin motar da ta fito daga Amurka a intanet, wani lokaci har da hotunanta na ranar gwanjo. Mai gaskiya zai ce ki ɗauki hoton lambar. Wanda ya hana, ya riga ya ba ki amsa.

Tafiya nawa ta yi? Agogon da ke ƙirga tafiyar mota ana iya mai da shi baya. Ki dubi sitiyari da kujerar direba da robar birki, in sun cinye alhali agogo na nuna tafiya kaɗan, akwai magana. Ki kuma sani cewa motocin Amurka da mil suke ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi.

An juya mata sitiyari? Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, saboda haka sitiyarin motocinmu a hagu yake. Wasu sukan kawo mota daga ƙasashen da nasu ke dama, su sa a mai da shi hagu. Irin wannan aiki in ba a yi shi da kyau ba yana iya jawo haɗari, kuma haƙƙinki ne a gaya miki.

Takardun kwastan fa? Motar da ba a biya mata cikakken duti ba ana iya kama ta a hanya ko bayan shekaru, kuma wadda aka kama a hannunta ita ce da asara. Ki ga takardun da idonki, ki sa a tabbatar da su a ofishin kwastan kafin ki biya. In kuwa motar an riga an hau ta a nan gida, ki nemi takardar shaidar mallaka da lasisi, ki tabbata sunan da ke ciki na wanda ke sayarwa ne ko kuwa akwai takardar da ta nuna yadda ta zo hannunsa, don kada ki sayi kayan sata.

Gwaji da lokacin shawara

Ba a cinikin biri a sama, kuma gani ya kori ji. Mai saye yana son a miƙa masa makulli ba tare da ya roƙa ba. Ki zo da bakanikenki, wanda kika sani, ba wanda mai filin ya kira miki ba. Ya fi kyau ku zo da safe inji na sanyi, domin wasu aibobin sukan ɓuya in mota ta yi zafi. Ya duba baƙin mai da ruwan lagireto, ya ga irin hayaƙin da ke fita, ya jona na'urar kwamfuta in yana da ita, ya leƙa salansa ya ga ko an cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, gama yana da tsada kuma akan sace shi. A jikin kowace taya akwai alƙaluma huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019, tsohuwar taya kuwa ko zanenta bai cinye ba tana iya fashewa a zafin kwalta. Sa'an nan ki tuƙa da kanki, a hanya mai kyau da mai gargada, ki ji ko ƙafarki na kai wa birki sosai, ko kina ganin gaba da baya. Mai sayarwa mai hankali yakan kashe rediyo ya yi shiru a lokacin, don ki ji motar.

Bayan gwaji sai shawara, a nan ne kuma za ki ji tsohuwar waƙar nan: "Wallahi Hajiya wani Alhaji ya gani jiya, yanzu haka yana hanya da kuɗi." Wani lokaci gaskiya ne, sau da yawa kuwa dabara ce ta hana ki tunani. Amsarki ɗaya ce, "In rabonsa ce Allah ya sanya alheri, ni sai na kwana na yi shawara da maigida." Mutumin kirki zai ce, "Ba komai, Allah ya kai mu." Wanda ya ɓata fuska don kin ce za ki yi shawara, me kike tsammani zai yi ranar da kika dawo da ƙorafi? Sauri ya haifi nawa, kuma da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

In kin ba da kafin alƙalami, a rubuta, a kuma rubuta ko za a mayar miki in kin fasa. In kin tashi biya, ki biya ta banki, cikin asusun mai motar ko na kamfanin, ki karɓi rasit da takardar yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasi da lambar inji da sa hannun shaidu. Duk alkawarin da aka yi miki da baki, a sa shi a takarda. Ki sani kuma akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma hana mai sayarwa yaudarar mai saye game da kayansa. Amma ƙara ba ta tafiya sai da shaida, shaidarki kuwa ita ce takarda.

Bayan an sallama

Wasu masu sayarwa kafin ki biya sukan dame ki da waya safe da yamma, har cikin dare, abin da bai dace a yi wa matar aure ba. Da kuɗi sun shiga kuwa, sai wayar ta daina shiga. Mai saye akasin haka yake so. Kafin ciniki a tambaye shi ko yana son a kira shi da lokacin da ya dace, bayan ciniki kuma a neme shi a ji yadda motar take.

Wani Ba'amurke mai suna Joe Girard, wanda ya yi aiki a kantin Chevrolet a yankin Detroit, ya shiga kundin Guinness saboda ya sayar da motoci 13,001 cikin shekara goma sha biyar, a 1973 kaɗai ya sayar da 1,425. Babban sirrinsa shi ne bai manta da wanda ya saya wurinsa ba, kowane wata yakan aika musu da katin gaisuwa. Ya kuma yi lissafi daga yawan masu zuwa biki da jana'iza cewa kowane mutum yana da kamar mutum 250 da ke jin maganarsa, saboda haka in ka ɓata wa ɗaya ka kori 250. To, in haka ne a Amurka, ina ga ƙasarmu, inda mace ɗaya za ta ba da labari a gidan suna yau, gobe ya zaga unguwa uku? Masu filayen mota su ji wannan da kyau. Ke kuma uwargida, ki yi amfani da wannan ƙarfi bisa adalci: wanda ya yi miki gaskiya ki faɗa wa 'yan'uwa, ki tura masa masu saye.

Gare ku 'yan makaranta

Ke da kike aji huɗu ko biyar, kada ki ce wannan zance na iyaye ne. Da farko, ke ce mai waya a hannu, ke za ki taya mama binciken farashi da lambar shasi, ke za ki karanta mata takardar yarjejeniya kafin ta sa hannu. Na biyu, gobe kaɗan wata a cikinku za ta tsaya a bayan kanta, ko na mota ne, ko na magani, ko na kayan ɗaki, ko ta riƙa sayar da turare daga ɗakinta. Abin da mai sayen mota ke so, shi mai sayen tukunya ke so. Ki amsa sallama da fara'a, kada ki auna mutum da tufarsa, ki saurara kafin ki yi talla, ki san kayanki ciki da waje, ki faɗi aibinsu, in ba ki san amsa ba ki ce bari ki tambayo. Ki kuma mai da hankali ga lissafi da kimiyya a aji, gama ba a rubuta a goshin kowa cewa sanin inji na maza ne kaɗai ba.

Uwargida, kuɗin guminki ne, tambaya kuma haƙƙinki ce, matambayi kuwa ba ya ɓata. Araha ba ta ado, sayen nagari mai da kuɗi gida. Allah ya haɗa mu da masu gaskiya, ya tsare mu a kan hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.